Hoto a Matsayin Shaida: Masu Ɗaukar Hoton Gwamnatin Amurka da Talakawan Karkara, 1935–1943

Kalmar nan "hoto" baƙuwa ce a bakin Hausawa, daga Ingilishi aka aro ta, amma ta daɗe har ta yi jam'i irin na gida, "hotuna", ta kuma sami aikatau da suke tafiya da ita: ana ɗaukar hoto, ana wanke shi, ana manna shi a bango. Abin da yawancin mutane suke nufi da ita shi ne hoton da mutum ya shirya wa. Ya yi wanka, ya sa rigar Salla, ko ya ari ta maƙwabci, ya zauna gaban labule ya daidaita hularsa. Irin wannan hoto na mai shi ne, shi ya biya, shi ya zaɓi yadda za a gan shi. Akwai kuma wani iri dabam, wanda mutumin da aka ɗauka bai nema ba, ba kuwa a hannunsa zai zauna ba. Wani ne yake zuwa daga waje ya ɗauki mutane yadda ya tarad da su, a gona ko a masaƙa ko a bakin murhu, domin ya kai wa waɗansu na nesa su ga halin da ake ciki. Sunan da Turawa suka ba shi ya samo asali daga wata kalmar Latin mai ma'anar koyarwa, kuma John Grierson, mutumin Sikotilan, shi ya yaɗa sunan cikin Ingilishi a 1926, sa'ad da yake sharhin wani fim. A nan za a kira shi hoton shaida, gama aikin da ake sa shi ke nan, a tsai da shi gaban jama'a ya faɗi abin da ya gani.

Wanda ya san zaman kotun alƙali ya san ba a karɓar shaida da ka. Sai an binciki adalcin mai ba da ita, watau tazkiyya. Bayan an ji shi kuma, kafin a yanke hukunci, sai a yi i'izari, a juya ga wanda maganar ta shafa a tambaye shi ko yana da suka ko yana da sauran abin cewa. Hoto kuwa jama'a sukan karɓe shi ba tazkiyya ba i'izari, bisa zaton na'ura ba ta da son zuciya. Babban wurin da za a auna wannan zato shi ne aikin da Gwamnatin Amurka ta sa aka yi daga 1935 zuwa 1943, domin yana da yawa ƙwarai, ga shi kuma an ajiye takardun ofishin da ya gudanar da shi, har ana iya bin sawun hoto tun daga inda aka ɗauke shi zuwa shafin jarida.

Mutum biyu ne suka share hanya. Na farko Jacob Riis, ɗan ƙasar Denmak, mai ɗauko wa jarida labaran 'yan sanda a New York. Shi yakan faɗa wa gidajen hayar talakawa da tsakar dare, ya kunna wani gari mai tashi da haske kamar walƙiya, ya ɗauki mutane suna barci ko sun farka a firgice. A wani ɗaki da bai kai ƙafa 13 kowane gefe ba ya tarar da mutum 12 a kwance. Littafinsa, How the Other Half Lives, watau yadda ɗaya rabin jama'a suke zaune, ya fito a 1890, ya kuwa taimaka aka rushe waɗansu unguwanni masu ƙazanta. Amma mai karanta littafin yau zai ga yadda Riis ya riƙa yi wa Italiyawa da Yahudawa da Sinawa kuɗin goro da raini, kuma babu wanda ya nemi izninsa cikin waɗanda ya farkar.

Na biyun, Lewis Hine, ya fi shi nisa wajen amana. Malamin makaranta ne, a 1908 ya bar koyarwa ya kama aiki da wani kwamiti mai yaƙi da sa yara aikin ƙarfi. Ƙidayar 1900 ta nuna yara wajen 1,750,000 'yan shekara 10 zuwa 15 suna aikin lada a ƙasar. Masu masaƙu ba su son a gani, saboda haka Hine yakan shiga da sunan mai duba kayan kashe gobara, ko mai tallan Littafi Mai Tsarki, ko mai ɗaukar hoton injuna. Ya auna tazarar maɓallan rigarsa daga ƙasa, yadda in yaro ya tsaya kusa da shi zai san tsawonsa ba tare da ya fid da awo ba, yana kuma rubutu da hannu a cikin aljihu. Shi ya sa kusan kowane hoto nasa, cikin fiye da 5,000 da ya ɗauka wa kwamitin, yana tafe da gari da wata da shekara, da tsawon yaron, da kuɗin da ake biyansa. Wata yarinya da ya ɗauka a masaƙar auduga ta Lancaster, a Karolina ta Kudu, a 1908, ya rubuta tsawonta inci 48. Hine ya sani sarai abokan gāba za su ce ƙarya ne, shi da kansa ya gargaɗi masu sauraronsa a 1909 cewa ko da hoto ba ya ƙarya, maƙaryaci yana iya riƙe kyamara. Dokar da aka yi a 1916 Kotun Ƙoli ta soke ta a 1918, ba a sami wadda ta zauna ba sai 1938. Bayan shekara biyu Hine ya rasu cikin talauci.

Ofishin Stryker

Kasuwar hannun jari ta New York ta rushe cikin Oktoba 1929, kafin 1933 mutum ɗaya cikin huɗu na ma'aikatan Amurka ba shi da aikin yi. Manoma sun fi kowa shan wuya. Labar auduga da ake saye kusan santi 17 a 1929 ta faɗi ƙasa da santi 7 a 1932. A filayen tsakiyar ƙasar kuma fari ya haɗu da gonakin da aka nome ciyawarsu ƙaf, iska ta riƙa kwashe ƙasar sama tana binne gidaje. Guguwar 14 ga Afrilu 1935 ta mai da rana dare a Oklahoma da Texas. A wannan shekara gwamnatin Shugaba Franklin Roosevelt ta kafa hukumar sake wa manoma matsuguni a ƙarƙashin Rexford Tugwell, wadda a 1937 aka sāke mata fasali ta zama hukumar tallafa wa ƙananan manoma, wadda aka fi sani da haruffan FSA. Tana ba da rance, tana gina sansanoni domin masu yawon ƙwadago. 'Yan Majalisa da yawa suna ƙyamarta, suna cewa gurguzu ne. Tugwell ya ga sai an nuna wa mutanen birni talaucin karkara da idonsu kāna su yarda a kashe kuɗi, sai ya kira tsohon almajirinsa na Jami'ar Columbia, Roy Stryker, ya ba shi wani ƙaramin sashe da aka kira Sashen Tarihi.

Stryker malamin tattalin arziki ne, ba mai ɗaukar hoto ba, amma ya san hotunan Hine, domin da su ya ƙawata wani littafin makaranta na Tugwell a 1925. Ya ɗauki ma'aikata kaɗan, waɗanda sunayensu suka shahara daga baya: Arthur Rothstein, Walker Evans, Dorothea Lange, Ben Shahn, Russell Lee, Marion Post Wolcott, Jack Delano, John Vachon, Gordon Parks. Kafin mutum ya fita rangadi sai Stryker ya sa shi karatun ƙasar da za shi, abin da take nomawa da yadda ake rabon amfanin gona, sa'an nan ya bi shi da takardar abubuwan da ake so a ɗauko: cikin ɗakin girki, allon kanti, abin da aka manna a bango, inda mutane suke taruwa da maraice. Ana aiko da fim Washington, a wanke, Stryker ya zaɓa, a raba wa jaridu da mujallu kyauta. Abin da ya rage a Laburaren Majalisar Dokokin Amurka yau fim ɗin asali ne wajen 175,000 na baƙi da fari, da kamar 1,600 masu launi. Lalle ne a riƙe wannan tun da farko: shaidan nan albashi yake karɓa daga ɗaya daga cikin masu shari'ar. Wannan bai mai da shi maƙaryaci ba, amma ko a kotu abu ne da ake son a sani.

Nahawun hoto

Mai nazarin harshe in ya dubi hoto zai lura da wani gibi da sauran masu kallo ba su cika damuwa da shi ba. Hoto yana da sunaye da sifofi fiye da kowace jimla: ga mace, ga tsumma, ga jariri, ga tanti. Amma lokacin aikatau guda ɗaya tak yake da shi, lokaci mai ci. Yana iya cewa "tana zaune", ba ya iya cewa "ta zauna jiya", balle "za ta tashi gobe". Ba shi da korewa, ba ya iya cewa "ba ta ci abinci ba", sai dai ya nuna tukunya wofi, tukunya wofi kuwa tana iya zama wadda aka gama ci aka wanke. Ba shi da "domin", ba shi da "saboda", ba shi da "da a ce". Wahala kuwa kusan dukanta a waɗannan kalmomi take zaune. Talauci shi ne abin da babu, da abin da yake akwai dā, da dalilin da ya sa ya tafi. Saboda haka hoton shaida dole ya jingina da 'yan kalmomin da ake rubutawa a ƙarƙashinsa, su ne suke ara masa lokaci da korewa da dalili, wanda ya rubuta su kuwa shi ne ainihin mai magana.

Ga misali. A 1938 Dorothea Lange ta ɗauki wani gida a gundumar Childress ta Texas, shi kaɗai a fili, kunyoyin noma sun miƙe sun lanƙwasa har bakin ƙofarsa, ba mutum ba dabba. Wanda aka ba hoton ba rubutu zai ce fari ne ya kori masu gidan, ko annoba. Alhali kuwa gonar tana cikin noma sosai. Tun 1933 gwamnati ta riƙa biyan masu filaye kuɗi su rage noman auduga domin farashi ya tashi. Da yawa cikinsu suka karɓi kuɗin suka sayi tarakta, suka sallami manoman da ke zaune a filayensu suna noma ana raba amfani. Rubutun Lange ne ya faɗi haka, cewa tarakta ce ta fitar da su. Ita da mijinta Paul Taylor, malamin tattalin arziki a Jami'ar Kalifoniya, sun kai wannan dabara matuƙa a littafinsu An American Exodus na 1939, inda sau da yawa suka sa maganar bakin mutanen da kansu a ƙarƙashin hotunan. Cikin duk abin da zamanin ya fitar, wannan ya fi kusa da yi wa talaka i'izari.

Abin mamaki, hoton Lange da ya fi kowane shahara shi ne wanda ta saɓa wa wannan ɗabi'a tata. Farkon Maris 1936 tana komawa gida bayan wata guda a rangadi, ta wuce wani allo da ke nuna sansanin masu roron waken Turawa kusa da Nipomo a Kalifoniya. Bisa ga labarin da ta rubuta a 1960, sai da ta yi mil 20 kāna ta juyo. Ruwan sama mai sanyin ƙanƙara ya lalata waken, mutum fiye da 2,000 suna zaune ba aiki ba abinci. Ta tarar da wata mace da 'ya'yanta a ƙarƙashin wani ɗan tanti, ta yi kamar minti goma tana ɗauka tana matsowa, har ta kai ga na ƙarshe: mace ta tallafe haɓa da yatsu, goshi a tamuƙe, ido na kallon nesa, yara biyu sun jingina da kafaɗunta sun juya fuska, jariri a cinya. Lange ta ce ba ta tambayi sunanta ko tarihinta ba. Abin da aka rubuta a ƙarƙashi shi ne, matalauta masu roron wake a Kalifoniya, uwar 'ya'ya bakwai, shekara 32. Ta kuma ba da labarin cewa iyalin sun sayar da tayoyin motarsu sun sayi abinci.

Hoton ya yi aikin da aka aike shi. Jaridar San Francisco News ta buga labarin sansanin ran 10 ga Maris, gwamnati ta aika da abinci laba 20,000. Sai dai kafin ya iso matar da iyalinta sun yi gaba. Shekara 42 fuskarta tana yawo a littattafai da bangon ofisoshi ba suna, sai a 1978 wani ɗan jarida ya same ta a garin Modesto. Sunanta Florence Owens Thompson. Da aka ji daga bakinta da na 'ya'yanta, sai kusan kowace kalma ta rubutun ta motsa. Ba roron wake ya kai su sansanin ba, motarsu ce ta lalace a hanya, mazan sun tafi gari gyara, ita tana jira. Ɗanta ya musa zancen sayar da tayoyi. Ba kuma guguwar ƙura ce ta koro ta ba, ta zo Kalifoniya tun kafin 1930. Har wa yau, matar da jama'a suka ɗauka alamar farar uwa ta Amurka 'yar ƙabilar Cherokee ce, an haife ta a 1903 a yankin da aka keɓe wa 'yan asalin ƙasar a Oklahoma, watau daga cikin mutanen da aka raba da ƙasarsu tun kafin a yi zancen fari. Yunwar dai gaskiya ce, wahalar gaskiya ce, mijinta na fari ya rasu da tarin fuka a 1931 ya bar ta da yara, ta yi shekaru tana tsinkar auduga. Abin da idon na'ura ya gani bai yi ƙarya ba. Lokacin aikatau da dalilin da aka ara masa su ne na wasu.

Akwai sauran abu biyu game da wannan hoto. A hotunan farko na jerin ana ganin babbar 'yarta, budurwa, da akwati da sauran tarkace, a na ƙarshe duk an fitar da su. Masanin tarihi James Curtis ya kawo hujja a 1989 cewa da gangan aka rage yaran, domin kada mai kallo na birni ya ƙirga su ya ɗora wa uwar laifin yawan haihuwa. Daga baya kuma Lange ta sa an goge babban yatsan matar da ya riƙe sandar tanti a kusurwar ƙasa, gama yana ɓata mata tsari. Stryker ya yi fushi, yana ganin an taɓa shaida. Da wuya a ce yatsa ɗaya ya canja gaskiya, amma ya nuna inda mai zane ya rinjayi mai ba da shaida a zuciyar mutum guda.

Bahaushe zai gane damuwar Florence Thompson da sauri, domin harshensa yana da sunan abin. Addu'ar da aka fi yi wa magidanci ita ce Allah ya rufa asiri, ma'anarta kuwa ba dukiya ba ce, ita ce kada rashinsa ya fito fili. Hoton shaida ta wannan fuska tonon asiri ne, ko da da kyakkyawar niyya aka yi shi. 'Ya'yanta sun ce sun tashi suna jin kunyar hoton, ita kuma ta koka cewa ko santi ɗaya ba ta samu ba. Lange ma ba ta karɓi ladan bugawa ba, tun da yake hoton mallakar gwamnati ne, kowa yana iya bugawa, amma ita ta sami suna. Sai a 1983, da ciwon ajali ya kama matar, 'ya'yanta suka nemi taimakon jama'a da sunan hoton, aka aiko da wajen dala 35,000 da wasiƙu kusan 2,000. Ta rasu cikin Satumba na wannan shekara.

Zancen taɓa shaida ya taɓa kusan kashe sashen gaba ɗaya. Cikin Mayu 1936 Arthur Rothstein, yana ɗan shekara 20, ya tsinci ƙoƙon kan sa a Dakota ta Kudu. Ya ɗauke shi bisa ƙasa mai tsattsagewa, ya matsar da shi kamar ƙafa 10 kusa da 'yar ciyawa, ya sāke ɗauka. Cikin Agusta, daidai lokacin da Roosevelt ya je duba wuraren fari ana gab da zaɓe, jaridar Fargo Forum ta Dakota ta Arewa ta ce hoton jabu ne, irin wannan ƙasa mai kanwa haka take tsagewa kowace shekara, kasusuwan shanu kuwa ba baƙin abu ba ne a makiyaya. Jaridun hamayya suka yi ca, har ana ba'a cewa gwamnati tana yawo da ƙoƙon kai a jaka. Fari dai an yi shi a 1936, ya kuwa yi tsanani. Amma sukan da aka yi wa shaida ɗaya ya isa mutanen da dā ma ba su son gaskatawa su yi watsi da sauran.

Walker Evans ya bi wata hanya. A damunar 1936 ya je gundumar Hale ta Alabama tare da marubuci James Agee, wajen iyalai uku na fararen manoman auduga marasa fili. Mujallar Fortune da ta aike su ta ƙi bugawa, aikin ya fito littafi a 1941, Let Us Now Praise Famous Men, aka sayar da kwafi wajen 600 kaɗai a lokacin. An sāke wa iyalan sunaye domin a rufa musu asiri, hotunan kuma an jera su a gaban littafin ba kalma ko ɗaya a ƙarƙashi, an bar bayanin duka ga ɗaruruwan shafukan Agee. Hotunan suna da kwarjini, talaucin cikinsu tsaf yake kamar an share. William Stott ya jawo hankali a 1973 ga wani hoto da bai shiga littafin ba: ran Lahadi maigidan ɗaya daga cikin iyalan ya tara mutanensa, sun yi wanka sun sa tufafinsu na kirki, ya tsaya a tsakiya yana murmushi. Wannan shi ne hoton da su suka nema, irin wancan na rigar Salla. Shi ma gaskiya ne game da su, amma bai dace da shari'ar da ake yi ba.

Gordon Parks, baƙar fata na farko a sashen, ya iso Washington a 1942. Bisa ga nasa labarin, Stryker ya ce ya ajiye kyamara ya shiga gari ya sayi riga, ya ci abinci, ya kalli fim. Ko'ina aka ƙi shi. Ya komo a fusace yana son ya ɗauki wariyar launin fata, sai ya tarar da matsalar korewa: "ba a sayar masa ba" ba ya ɗaukuwa, mai ƙin kuwa fuskarsa kamar ta kowa. Ya juya ga Ella Watson, wadda take sharar ofishin da dare. Ya tsai da ita gaban tutar Amurka da tsintsiya a hannu ɗaya, abin goge ƙasa a ɗayan. Stryker da ya gani ya ce wannan zai sa a kore su duka. Hoton shiryayye ne, Parks bai ɓoye ba. Abin da ya fi daraja shi ne abin da ya biyo baya, da ya yi makonni yana bin ta gida da coci, yana ɗaukar ta tana ciyar da jikokinta, yana rubuta sunanta da albashinta, dala 1,080 a shekara. Da yawan hotuna da daɗewar zama ya sami abin da hoto ɗaya ba ya iyawa, watau jiya da gobe.

A lokacin nan kuwa buƙatar mai biyan albashi ta riga ta juya. Amurka ta shiga yaƙi a Disamba 1941, hoton talauci ya zama makami a hannun abokan gāba. Farkon 1942 Stryker ya rubuta wa mutanensa yana neman fuskoki masu ƙarfin zuciya da rumbuna cike, kafin shekara ta ƙare an mai da sashen ƙarƙashin ofishin watsa labaran yaƙi. Lange, wadda wata hukuma ta ɗauka a 1942 ta ɗauki kwashe 'yan asalin Japan wajen 120,000 zuwa sansanoni, ta ɗauko yara da lambobi rataye a wuyan rigunansu da iyalai a ɗakunan dawaki. Soja suka tsare hotunan har yaƙi ya ƙare. Stryker ya bar aiki a 1943, bayan ya tabbatar an miƙa tarin ga laburare ba a warwatsa shi ba.

Ga mai bincike na yau, amfanin tarin ya fi yawa a wuraren da ba wanda yake ƙoƙarin tabbatar da kome. Jaridun da aka manne bango da su domin sanyi suna ɗauke da kwanan wata. Allunan kantuna suna ba da farashin gari da kananzir, da rubutun mutanen da ba su yi nisa a makaranta ba, wanda ya bi lafazinsu, abin da mai nazarin karin harshe ba zai raina ba. Russell Lee, wanda ya fi kowa yawan hotuna a tarin, ya ɗauki ɗaruruwa a ƙauyen Pie Town na New Mexico a 1940, har da jerin kwalaben abincin da mata suka adana da yadda ake haƙa gida cikin ƙasa.

Har abin da aka yar ma ya dawo. A shekarun farko, in Stryker bai so hoto ba, yakan sa abin huda takarda ya huda fim ɗin asali domin kada a sāke wanke shi. Ma'aikatansa sun yi ta ƙorafi har ya bari wajen 1939. Ba a zubar da duk hudaddun ba, da laburare ya sa tarin a kwamfuta sai suka fito tare da sauran, yawancinsu ba rubutu a ƙarƙashi, kowane da baƙin da'ira inda aka huda. An baje kolinsu a ɗakin nune-nune na Whitechapel a Landan a 2018. A wani da'irar ta faɗa sararin sama kamar baƙar rana, a wani ta faɗa kan garma. A ɗaya da Russell Lee ya ɗauka a Dakota ta Arewa a 1937, wani manomi ne tsaye da kayan aikinsa, hudar ta cinye fuskarsa duka.